Saƙon Kawu ga Mai Ogan

Ranar wata Lahadi ce a watan Oktoba, a farkon shekarun dubu biyu, shekarar da na cika goma sha biyu, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mu uku ne a ƙaramin gidan da muke haya a unguwar Glenwood, a birnin Greensboro na Amurka. Ni ina kwance rub da ciki a kan kafet ina aikin lissafin da aka ba mu a makaranta. Mama tana kicin tana soya albasa. Sai Kawu, yayan Mama, wanda ya shigo da wani faifan garmaho a hammatarsa, ya wuce har tsakiyar falo da takalmi a ƙafa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Baba yana wurin aiki. Na riƙe lokacin ne saboda Kawu ya dubi agogon hannunsa ya faɗe shi a fili kafin ya sauke allura a kan faifan. Haka yake yi duk sanda zai kunna wani abu.

Kafin in faɗa maka abin da ke cikin faifan, gara ka san mutumin da ya kawo shi. Kawu ɗan Damagaram ne kamar Mama, amma ƙuruciyarsa duk a Yamai ya yi ta, yana kula da na'urori a wani gidan rediyo. Ba a taɓa jin muryarsa a rediyon ba. Shi ne mutumin da ke zaune a bayan gilashi, idonsa a kan agogo, in lokaci ya yi ya miƙa yatsa ya nuna wa mai karanta labarai cewa ya fara. A Greensboro kuwa aikinsa ɗaure kwalaye ne a wani sito kusa da filin jirgin sama, daga asuba zuwa bayan azahar. Faransancinsa mai kyau ne, Hausarsa ta fi kyau, amma Turancinsa na sito ne: ɗaga, ajiye, yi sauri, lokacin hutu ya yi. Duk abin da ya wuce wannan, a asibiti ko a ofishin lasisin mota, ni ce bakinsa. Na zo Amurka ina da shekara bakwai, Turanci ya kama bakina da wuri, Hausa kuma ba ta sake ni ba, domin Kawu ba ya amsa mini in na yi masa magana da wani harshe.

Dukiyarsa duka kwali shida ne na faifan garmaho, da injin kunna su wanda yake kira elektrofon. Ɗalibai ne suka yar da injin a bakin titi da za su tafi hutu, ya ɗauko ya gyara a kan teburin cin abinci. Har yau in na shiga wurin da aka tara tsofaffin takardu, warin kwalin da ya sha laima yana mayar da ni falon nan, inda yake gauraye da turaren wutar Mama. Abin da ke cikin faya-fayan kiɗan rok ne na Turawa, na shekarun saba'in. Akwai mai nauyi, wanda jita ke gurnani a cikinsa har gilashin taga ya riƙa rawa. Akwai kuma mai dogon zango, wanda waƙa ɗaya ke cinye fuskar faifai guda, ta sauya taku sau uku ko huɗu kafin ta ƙare. Baba yana kiran dukkansu kiɗan injin markaɗe. Mama ta ce ita kam abin da take ji shi ne tukwane suna faɗowa daga kan kanta. A masallaci ba wanda ya sani, kuma Kawu bai ga dalilin da za su sani ba.

Yana da wata ɗabi'a da ke gundurata a lokacin. Ba ya kunna faifai sai ya juya bayan kwalin ya karanta sunayen duk waɗanda suka yi aikin, ɗaya bayan ɗaya, da lafazinsa na Faransanci: mai ganguna, mai jitar bes mai kaurin sauti, mai sarewa, mai ogan, har wanda ya naɗi sautin. A cewarsa, wanda hotonsa ke gaban kwali ya riga ya samu nasa. Ya ce haka yake ko a gida, mawaƙi ake yi wa kyauta a gaban jama'a, mai kalangun da ya riƙe masa waƙar tun daga farko kuma ba a tambayar sunansa. Ƙungiyoyin da yake so ma irin waɗanda duniya ta tsallake ne, wasu daga Ingila, wasu daga Jamus ko Italiya, da suka yi faifai biyu ko uku suka watse. In muna cikin mota ya kama tashar da ke sa tsofaffin waƙoƙin rok, ba ya minti goma sai ya kashe, yana cewa waƙoƙi ƙalilan ɗin nan dai suke ta juyawa, kamar sauran mutanen ba su taɓa riƙe kayan kiɗa ba.

Ya yi ƙoƙarin koya mini sauraro. Yakan murɗa maɓallin da ke rage sautin sama har muryar mawaƙi ta dushe, ya ce in bar wancan mai ihun, in nemi wanda ke tafiya a ƙarƙashi. Wani lokaci ya riƙa buga tebur da yatsa ya ce in ƙirga. Ni kuwa huɗu huɗu nake ƙirgawa kamar yadda aka koya mana a ajin kiɗa, sai in ɓace. Ya ce bakwai ne, mai gangunan yana ƙirga bakwai ne yayin da kowa ke jiran takwas, kuma a wannan giɓin daɗin yake. Ban ji daɗin ba. Abin da 'yan ajinmu ke so shi nake so. Ina zama ne kawai domin Kawu ne.

To, faifan wannan Lahadin daban yake. A gaban kwalin hoton wata ƙofa ce tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona. A baya samari biyar ne masu dogon gashi, suna hararar mai ɗaukar hoto. Kawu ya same shi a wani shagon gwanjon faya-fayai da ke kusa da jami'a, kuma rabonsa da ya riƙe irinsa tun yana Yamai. Ya karanta sunayen, da ya zo kan na mai ogan sai ya maimaita shi. Ogan, in ba ka sani ba, ɗan'uwan fiyano ne, irin wanda ake samu a coci, sai dai waɗannan samarin sun haɗa nasu da wutar lantarki har yana kuka. Kawu ya sa fuska ta biyu. Waƙa ɗaya ce tak, minti goma sha takwas. Da ta ƙare sai ya ba mu labarin, har Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Wata rana da damina, in ji shi, aka yi ruwan da ya yanke hanyar zuwa gidan rediyon. Mai karanta labaran ƙarfe ɗaya bai iso ba, shugaban sashen ma bai iso ba. Kawu ne kaɗai a bayan gilashi. A wancan zamanin, in rediyo ya yi shiru da rana tsaka, abu ɗaya mutane ke kawowa a ransu, wato sojoji sun shiga gidan. Sai ya jawo wani kwali da wasu Turawa suka bayar kyauta, wanda ba mai taɓawa, ya nemi waƙar da ta fi kowace tsawo ya ɗora. Ta fita ƙasar gaba ɗaya, daga bakin kogi har zuwa garuruwan tafkin Chadi. Shi ma a ranar ya fara jin ta. A tsakiyarta akwai inda kowa ke tsayawa a bar ogan shi kaɗai, hannun hagu yana takawa a hankali kamar mutum yana ratsa kasuwa bayan ta watse. Kawu ya ce a nan ya manta da agogo, kuma sau ɗaya ke nan hakan ta taɓa faruwa da shi a bakin aiki. Bayan 'yan makonni wani direban babbar mota ya zo har ƙofar gidan rediyon yana tambaya wane mai goge ne aka sa ranar ruwan nan, domin shi da yaransa sun tsayar da mota a hanyar Agadas sun saurara har ƙarshe.

Daga nan ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya miƙo mini. Mai shagon ne ya rubuta masa, bayan sun yi ta fama da nuni da hannu. Na karanta, na tabbatar masa da abin da ya riga ya fahimta: ƙungiyar ta 'yan wannan yankin ce, kuma mai ogan ɗin yana raye, yana zaune a Pleasant Garden, yana gyara wa coci-coci sautin fiyano. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga ƙofar gidanmu. Muka ɗauko littafin lambobin waya, sai ga sunan, ga adireshin.

Abin da Kawu yake so abu ɗaya ne, kuma ya faɗe shi a fili a ranar. Yana so mutumin nan ya san cewa an ji shi. Ba a shago ba, ba a cikin kwali ba. Ya san cewa wata rana hannunsa ya riƙe ƙasa guda har minti goma sha takwas, ya tsayar da babbar mota a hanyar hamada.

Amma ba zai je hannu rabbana ba. A gidan da ya tashi, in makaɗi ya taɓa zuciyar mutum, riga ake tuɓewa a ba shi. Ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya fito da babbar rigarsa ta shadda mai aikin hannu, ita kaɗai ce yake da ita, wadda yake zuwa Idi da ita. Mama ta tuna masa cewa azumi na ƙofa, Sallah kuma na bayansa. Baba da ya dawo ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Injiniya, Bature zai sa wannan ya yanke ciyawa ne?"

Da dariyar ta lafa sai Baba ya yi maganar gaske. Ya ce a ƙasar nan ba a zuwa gidan mutum haka kawai, balle a wajen gari, balle a waɗannan shekarun da ake kallon duk Musulmi mai hula da idon zargi. Ga lamba a littafi, a buga masa tukuna. Kawu ya ƙi. A wurinsa, ka buga wa babba waya ka ce kana nan zuwa girmama shi raini ne, kamar kana neman ya shirya maka ne. Ƙafa ake takawa. Baba ya ce to, shi dai ya faɗa.

Mako guda muka yi muna shiri. Kawu ya rubuta jawabinsa a kan ƙananan katuna, kamar yadda ya ga masu gabatar da shirye-shirye suna yi, ya auna shi da agogo, ya rage, ya sake aunawa, har ya tsaya a minti huɗu. Kullum bayan la'asar mukan zauna a kicin, ya faɗi jimla in mayar da ita Turanci. Na duba ƙamus na nemo kalmomin da ban sani ba. Ina faɗa maka wannan ne don kada ka yi mini uzurin da ban cancanta ba. Zuwa ranar Juma'a na iya jawabin nan da ka, a harsuna biyu.

Ranar Asabar da hantsi muka kama hanyar kudu. Ganyaye sun yi ja da rawaya, suna zuba a kan gilashin mota. Gidaje suka fara nisa da juna, kowane da filinsa, kusan kowane da tuta a baranda. Kawu yana sanye da farin kaftani da hula, rigar kuma tana kan cinyata a naɗe cikin zane, faifan a samanta. Muka sami lambar a jikin akwatin wasiƙa, muka bi wata doguwar hanyar tsakuwa. Kare ya fara haushi daga bayan gidan.

Kawu ya tsaya nesa da ƙofa ya yi sallama sau uku, kamar yadda ya dace. Ba wanda ya amsa, sai na je na danna ƙararrawa. Wata mata mai kimanin shekara arba'in ta buɗe ƙofar ciki, ta bar ta raga a kulle. Akwai wayar tarho a hannunta. Na ce mun zo ganin mahaifinta ne kan maganar kiɗa. Ta dube ni, ta dubi ɗankwalina, ta dubi Kawu, ta ce ba sa bukatar komai. Sai wata murya daga ciki ta tambayi wane kiɗa.

Ya fito a hankali. Dogo ne siriri, kansa ba gashi ko ɗaya, na ga Kawu yana satar kallon hoton da ke bayan kwalin. Gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura. Ya zauna a kujerar baranda, 'yarsa ta tsaya a bakin ƙofa.

Kawu ya cire takalmi a ƙasan matakala. Ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama yana girgizawa, wato jinjina, gaisuwar da ake yi wa manya a wurinmu. Sa'an nan ya fara, da muryar da ban san yana da ita ba, mai ƙarfi, irin ta masu isar da yabo a gaban taro. Mun shirya cewa zai riƙa tsayawa bayan kowace jimla. Bai tsaya ba. Bai ko dubi katunan ba. Ni kuwa ba shi nake kallo ba. Ina kallon matar, wadda ta ja da baya taku ɗaya da ta ga dunƙulallen hannu, babban yatsanta yana kan lambobin wayar kamar mai shirin kiran 'yan sanda. Ina kallon wani maƙwabci a tsallaken titi da ya daina share ganye ya jingina da manjagararsa. A makaranta a watan nan an riga an kira ni da sunaye biyu da ban gaya wa kowa a gida ba. Abin da nake so a wannan lokacin shi ne mu koma cikin mota.

Kawu ya kai ƙarshe. Ya juyo ya miƙo mini yatsa, alamar nan ta bayan gilashi.

Na ce da Turanci: "Ya ce yana son faifanka. Ya kawo maka kyauta. Ba za mu ɓata maka lokaci ba."

Tsohon ya karɓi kwalin ya riƙe shi nesa da idonsa. Ya yi wata gajeriyar dariya. Ya ce ba wanda ya saurari wannan abin. Kamfanin ya sallame su bayan fitarsa da 'yan watanni, sauran kwafin kuma suka zauna a ɗakin ajiyar kayan gonar ƙanensa har laima ta cinye su. Ya ce ko 'yarsa bai tabbata ta taɓa jin fuska ta biyu har ƙarshe ba. Sai ya ɗago ya dube ni, ya yi tambayar da Kawu ya yi shekara kusan talatin yana riƙe da amsarta.

"A ina ya ji shi?"

Na ce a shagon gwanjo da ke kusa da jami'a.

Ya gyaɗa kai. "To, ai nan ne wurinsa," in ji shi.

Kawu ya kwance zanen ya ɗora masa rigar a kan gwiwa da hannu biyu. 'Yar ta ce ba za su iya karɓa ba. Tsohon bai kula ta ba. Ya bi zaren aikin da babban yatsa, ya tambaya ko da hannu aka yi, na ce da hannu ne. Ya yi godiya irin ta mutumin da bai san dalilin kyauta ba. Suka gaisa, Kawu ya riƙe damtsensa na dama da hannun hagu yana ɗan rusunawa. Daga tsayawar motarmu zuwa tashinta bai kai minti goma sha biyar ba.

Sai da muka hau kwalta Kawu ya yi magana.

"Ɗiyata, na yi magana ta minti huɗu. Ke kin yi ta daƙiƙa goma."

"Turanci ba ya da tsawo, Kawu."

"Haka ne." Ya bar wata mota ta wuce mu. "Ban dai ji kin ce rediyo ba. Ita wannan ai ko'ina haka ake faɗinta."

Bai yi mini faɗa ba a ranar, bai yi ba daga baya, bai kuma gaya wa Mama ba. Ya tsaya a wani shago ya saya mini askirim kamar yadda ya yi mini alkawari tun da safe, ya zauna a mota yana jira in shanye.

Abin da Baba ya ji shi ne zancen wayar da ke hannun matar, domin wannan na faɗa. Ya ce an gama, ba wanda zai sake taka wannan hanyar daga gidansa. Ya ce jami'an tsaro sun ziyarci wasu 'yan'uwanmu har gida a kan abin da bai kai wannan ba, kuma takardun Kawu ba su da ƙarfin da za a gwada su. Kawu bai yi gardama ba. Bayan kwana biyu na tarar da wasiƙa mai shafi uku zuwa ga mai ogan a kan teburina, da Hausa, da rubutun hannunsa mai karkata irin na 'yan lakwal, wato 'yan bokon Faransanci. Ya leƙo ya ce in na samu lokaci in mayar masa da ita Turanci, shi zai kai gidan waya.

Na karanta layin farko. Cewa ya yi: ga abin da ɗiyata ba ta samu damar ƙarasa faɗa maka ba, saboda yarinya ce kuma ta ji tsoro, laifin nawa ne. Na ninke takardun na sa a tsakiyar littafin lissafi.

Azumi ya shigo, na ce sai bayan Sallah. Kawu ya je Idi da farin kaftanin nan, da abokansa suka tambayi babbar rigar ya ce ta sami mai ita. Jarrabawa ta zo, na ce sai an yi hutu. Sanyi ya sauka, ƙanƙara ta daskare a kan rassan itatuwa har suna karyewa, muka yi kwanaki ba makaranta, ina zaune a gida ba abin da nake yi, wasiƙar tana nan inda na sa ta. Ba wahalarta ce ta hana ni ba. In na fassara ta, sai na rubuta da hannuna, da Turancin da nake taƙama da shi, cewa na ji tsoro. Kawu bai taɓa tambayata ba. Ya ci gaba da karanta sunaye a bayan kwalaye kafin ya kunna faifai. Ya dai daina kirana in zo in ƙirga.

A watan Maris, da itatuwa suka fara fure, ya dawo daga shagon gwanjon da wani guntun jarida da mai shagon ya yanke ya ajiye masa. Ya shimfiɗa shi a kan teburin kicin ya ce in karanta. Sanarwar rasuwar mai ogan ce. Wannan kam na fassara shi kalma bayan kalma. An ce marigayin ya daɗe yana halartar cocinsu. An ce ya yi shekaru yana gyaran fiyano a yankin. Yana son kamun kifi. Ya bar 'ya ɗaya da jikoki biyu.

"Ci gaba," in ji Kawu.

"Ya ƙare."

"Ba su ce komai kan faifan ba?"

"Ba su ce ba."

Ya ninke guntun jaridar sau biyu ya sa a aljihun gaba, ya tashi ya yi alwala, domin la'asar ta yi.

Yau aikina shi ne mayar da labarai daga Turanci zuwa Hausa, kuma abokan aikina sun san ni da rashin tsallake ko kalma ɗaya. Shagon gwanjon ya zama wurin shan kofi. Duk kiɗan da Kawu ya tara a kwali shida yana cikin wayata, da wanda bai taɓa samu ba. Sai dai waya ba ta da baya. Tana nuna maka sunan ƙungiya da sunan waƙa, mai ganguna da mai bes da mai ogan kuma sun ɓace fiye da yadda suka ɓace a da, lokacin da aƙalla akan buga sunansu da ƙananan haruffa. Na nemi waƙar nan na same ta, wani ya ɗora ta a intanet. Mutane ƙalilan sun yi rubutu a ƙarƙashinta, ba wanda ya ambaci mai ogan. Yanzu ina jin bakwai ɗin ba tare da na ƙirga ba. Ina jin hannun hagun nan in kowa ya tsaya, kuma na san gwani ne, ko da wa za a gwada shi a cikin waɗanda aka yi wa suna. Na san haka ne a lokacin da sanin ba zai amfani kowa ba. Irinsa suna da yawa a cikin waɗancan kwalaye, kuma ban ga abin da zai sa a waiwaye su ba, tunda masu karanta bayan kwali su ma suna ƙarewa.

Kawu ya koma Damagaram a shekarar da na gama sakandare. A shekarata ta farko a jami'a na fassara wasiƙar, a zama ɗaya, cikin minti arba'in, na aika wa 'yar marigayin a adireshin Pleasant Garden. Bayan mako biyu ta dawo mini ba a buɗe ba, da hatimin gidan waya cewa mai wannan suna ta tashi daga gidan. Kawu ya rasu shekara uku bayan haka. Ban gaya masa na aika ba.